Gidan da Gwaggo Baraka Ba Ta Faɗa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Gwaggo Baraka 'yar Tsoho rasuwa ranar Talata, takwas ga watan Muharram na shekarar 1371, tsakanin magariba da lisha, a bukkarta da ke Mansur, nan Makka. Da safiyar Laraba aka yi mata salla a Harami, aka kai ta maƙabartar Ma'alla. Ita ce uwar masu daka, wadda kullum safiya take raba matanmu na Takari a gidajen Makkawa, ta kuma koma ta kwaso su kafin rana ta faɗi.

Ni Dawuda maƙerin gwangwani, mutumin Haɗeja, ni nake rubuta wannan domin ragowar alhazan da ke shirin sauka Jidda su tafi da shi gida, a karanta wa danginta a Nguru. Kuma ba zafin rashi kaɗai ya sa ni wannan rubutu ba. Ran da ta rasu, da safe ta kai ƙanwata Rumasa'u aiki wani gida a cikin birni. Ita kaɗai ta san gidan. Har zuwa yanzu da alƙalami ke hannuna Rumasa'u ba ta dawo ba, ba mu kuma ji wanda ya gan ta ba.

Gwaggo, bari in yi miki magana kai tsaye yadda na saba, ko zuciyata ta ɗan lafa.

Labarin Nguru kin ba ni shi ya fi a ƙirga. Kika ce lokacin da Nasara ya kawo reluwe garin, kantuna suka tsiro a bakin tasha, akawuna da leburori da kuku 'yan Kudu duk suna neman abin sawa a baki, ke kuwa kina da ƙuruciya da hannun tuyar ƙuli. Man gyaɗarki ya yi suna har kukun wani babban kanti ya ce ba ya karɓar na kowa sai naki. Daɗi ya ɗebe ki, kika gaya wa ƙawarki Asiya, har da lokacin da kike zuwa da ƙofar bayan da kike bi. Gari na wayewa kika isa da kwalabenki, kika tarar Asiya ta riga ki, ta karya farashi, kuku yana yi mata dariyar da yake yi miki. Shekaru sun shuɗe, kin ƙetare Lami da Abeshe, kin binne mijinki Tijjani a gonakin audugar Madani, kin hau teku a Sawakin, amma in kika zo wurin nan a labari sai kin ja tsaki kamar jiya abin ya faru. Tun daga ranar kika rantse ba za ki sake nuna wa ɗan Adam ƙofar da kike cin abinci ba. Mukan yi dariya in kin faɗa, mu ce Gwaggo da riƙo.

Da kika iso Makka kika duba abin da garin ya rasa, kika ga ƙarfin damtse ne. Matan Makkawa suna can saman dogayen gidajensu, suna son alkama surfaffiya, da gahawa, da lalle, da kayan yaji, amma ba mai ɗaga taɓarya a cikinsu. Matanmu kuwa kowace sai ta ɗora turmi a ka, ta shiga lunguna tana jiran a leƙo ta taga a kira ta. Wadda aka biya ta gode, wadda aka hana ta haƙura. Akwai kuma waɗanda suka shiga gida ba a sake ganin su ba, sai bayan shekaru a ji ƙishin-ƙishin an ga mai kama da wance a Riyad ko a wani ƙauye tana ɗebo wa Larabawa ruwa, an sake mata suna. Kowa a Mansur ya san wannan. Muna faɗar sa ne ƙasa-ƙasa, bayan mun waiwaya.

Ke kika tara matan nan wuri ɗaya. Kika bi gida gida kina ciniki da uwayen gida da Larabcinki mai ƙamshin daddawa, wanda su da kansu suke kwaikwayo suna dariya, amma ba su taɓa cin ki a ciniki ba. Kika kafa doka: mace biyu a gida ɗaya, ke ke kaiwa, ke ke ɗaukowa. La'adar da kike cira ba wadda ta taɓa kuka da ita, don sun san rabinta a cikin cikinsu take ƙarewa.

Wanda ya ga ranar Mairama ba zai manta ba. Kin je ɗauko ta da yamma, mai gidan ya tare ƙofa ya ce ai tasa ce, wani baƙin mutum da ya ce shi ne ubangijinta ya sayar masa da ita da rana. Da ni ne, wallahi da na koma gida na rufe kaina da bargo. Ke kuwa kika dube shi kika ce, "Ya sidi, da ƙafarta na kawo ta, da ƙafarta zan mayar da ita." Washegari da hantsi kika dawo da matanki kaf, kowace da turminta. Kuka jera a ƙofar mutumin nan, kuka hau dakan turmi ba ko ƙwayar hatsi a ciki. Lungu ya ɗauka, tagogi suka buɗe, masu shaguna suka bar ciniki, yara suka cika wurin, har mai unguwa ya fito yana toshe kunne yana tambayar abin da ya faru. Kafin azahar aka turo Mairama waje, mayafinta a hannu. Yau ga ta nan da 'ya'yanta, ita ce ma ta yi miki wanka.

Ni ma abin da nake ci yau daga hannunki ya fito. Na iso garin nan da zazzaɓi, ba riga ba sani, kika tsince ni a gindin katanga kika yi ta ɗura mini koko har na miƙe. Da kika ji na taɓa zama a maƙera, sai kika riƙa roƙo mini gwangwanayen kananzir da suka ƙare a gidajen da kike kai mata. Da su na fara ƙera fitila da mazurari da ludayi, da su na buɗe 'yar rumfar da nake zaune a ciki. Kullum kika wuce sai kin leƙo kin ce, "Sarkin tsoro, yau askar nawa ka ɓuyar wa?" Don kin taɓa kama ni a tsugune bayan tarin gwangwani saboda na hango hular ɗan doka, ashe mutumin fitila ya zo saye. Kin yi shekara kina ba mutane labarin nan, ban kuma taɓa jin haushi ba.

A Arfa ma haka kike. Kowace shekara kina can da tukwanenki, kina sayar wa mai kuɗi, kina zuba wa marar shi. Tsoho ko tsohuwar da ta ɓace wa ayarinta, wurinki ake kawo ta. Ki tambaye ta garinsu, ki saurari bakinta, ki kama hannunta ki ratsa tantuna, sai ga ki kin dawo ke kaɗai kina faɗan an bar miki wuta ta mutu.

Sai dai, Gwaggo, ciwon Asiya bai taɓa barin ki ba. Bayan asuba kikan fito da mata a jere, ki tsayar da su a wurin ɗiban ruwa na Shubaika, ki ɗauki biyu ki ɓace da su cikin lungu, ki dawo ki ɗauki wasu biyu. Kowace gidanta kawai ta sani, kuma kin hana su gaya wa juna. Baƙuwa kuwa ta karkatacciyar hanya kike bi da ita, ki shiga nan ki fita can, don kada ta gane ƙofar ta koma ta ƙulla ciniki a bayanki. Ko 'yarki Maryama ba ki yarda ta san gidajen ba. Matan sukan tsokane ki su ce ko barci kike yi bakinki a ƙulle yake. Wata rana da kaina na ce miki, Gwaggo, in wani abu ya same ki fa? Kika harare ni kika ce, "Abin da bai same ni a tekun Sawakin ba, a lungun Makka zai same ni? Ci gaba da bugun gwangwaninka." Na yi dariya, na ci gaba da bugu.

Rumasa'u ta iso gab da aikin hajjin bana. Mijinta ya rasu a hanya, watanni kafin ta iso. Ta ƙetaro ne a irin jiragen nan na katako da ke sauke mutane a bakin gaɓa inda ba hukuma, saboda haka ba ta da takardar kowa, ta Ingilishi ko ta ƙasar nan. Larabcinta bai wuce na salla ba. Mace ce mai kunya, mai jin magana, ko kasuwar Mansur ba ta zuwa sai da rakiya. Da ta gama takaba ta ce ba za ta zauna tana cin guminmu ba, ni na kai ta wurinki, na ce ga amana. Kika duba tafin hannunta, kika murza kantar da ke ciki, kika ce wannan ta san turmi.

Makon Ashura ne, kowane gida na son alkamar da za a dafa ranar, hannu ya yi kaɗan. Wani sabon gida ya aiko miki, ba ki son ya kuɓuce ya faɗa hannun wata. Ran Talata kika karya dokarki da kanki. Kika bar sauran mata a Shubaika, kika tafi da Rumasa'u ita kaɗai. Da kika dawo Mairama ta tambaye ki, kika ce ta kwantar da hankalinta, tsohuwa ce da 'ya'yanta mata, mutanen kirki. Iyakar abin da kowa ya ji daga bakinki game da gidan ke nan.

Da azahar kina cikin cinikin kayan miya a kasuwar Suƙ Sagir kika yanke jiki kika faɗi. Wada mai ruwa da abokansa suka ɗauko ki a kan ƙyauren wani shago. Na bar rumfa a buɗe na rugo. Na tarar ɓarin jikinki na dama ya mutu, baki ya karkace, ido ne kawai ke motsi. Aka yi ta tofi, aka yi ta fifita, aka aika kiran Malam Yunus. Duk taron da ke ƙofar nan, har da ni, ba wanda ya tuna akwai mata a cikin birni suna jiran a je a ɗauko su.

Da rana ta yi ja suka fara isowa da kansu, biyu-biyu, turmi a ka, kowace ta ƙullo faɗan da za ta yi miki na shanya su. Suna ganin ki sai faɗa ya koma salati. Aka kira magariba, aka yi salla. Muna sallamewa Mairama ta waiga hagu da dama, ta ce, "Ina baƙuwar?"

Ban san lokacin da na tsallake mutane na faɗa ɗakin ba. Malam Yunus yana zaune daidai kanki yana laƙƙana miki kalmar shahada a hankali, numfashinki yana fita da ƙyar. Na durƙusa na kai bakina kunnenki.

"Gwaggo, Rumasa'u. Wane gida? Wane lungu?"

Malam ya riƙe mini kafaɗa ya ce, "Ittaƙillah, Dawuda. Numfashi kaɗan ya rage mata, kada ka cinye mata shi."

Kin ji ni, na san kin ji. Idonki ya buɗe, ya cika da tsoro irin wanda ban taɓa gani a fuskarki ba. Hannunki na hagu ya ɗaga, ya yi nuni wajen birni, ya karkata, ya sake karkata, kamar kina bin kwanar lunguna a iska. Leɓenki yana ta motsi, harshe ya ƙi. Maryama tana kuka tana cewa in bar uwarta ta cika da imani. Malam ya sake maimaita kalmar, na ja da baya. Da ƙyar, da ɓarin baki, kika kama ta kika kai ta ƙarshe. Dukanmu mun ji, kuma ni shaida ne har gaban Allah. Daga nan ba ki sake motsi ba.

Ban yi miki hassadar wannan kalma ba, Gwaggo. Da ni ne a kwance, ita zan so a bar ni da ita. Amma ƙarya nake in na ce ban kwana ina juya hannun nan naki a raina ba, ina neman in gane dama ya fara yi ko hagu.

Bayan an dawo daga Ma'alla, a kan tabarmar makoki, matanki suka yi abin da ba su taɓa yi ba. Kowace ta faɗi gidanta da lungunsa da sunan uwar gidan, a fili, kowa yana ji. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san wata tsohuwa da ta ɗauki sabuwar mai daka. Wada ya baza magana cikin masu ruwa, tun da su suna shiga gidaje, amma iyakarsu inda randuna suke, ba sa ganin benen mata. Na je wurin mai unguwar Shubaika. Tambayar farko da ya yi mini ita ce ina takardarta, na ce zan je in kawo, ban koma ba. Shehun Takari ya ce in yi haƙuri ana bincikawa. Wani ya ce ya ga baƙar mace tana kuka a ƙofar Harami, na ruga, ashe wata tsohuwa ce 'yar Barno da takalminta ya ɓata. Wani kuma ya ce ran Laraba ya ga iyali sun hau mota zuwa Ɗa'if da baƙar mace a baya, fuska a rufe. Wannan ita ce maganar da ta fi tsaya mini a rai.

Ranar Ashura, gari yana azumi, gidaje suna ƙamshin alkamar da matanmu suka surfa, na je inda ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ba, wurin nan da ake zaunar da mutane a kan dakali ana taya su kamar haja. Na tsaya daga nesa, ina tsoron in duba, ina tsoron wani dillali ya dube ni. Na daure na duba fuska fuska. Ba ta ciki. Ban san ko godiya zan yi ko kuka ba, don an ce yanzu irin wannan cinikin a cikin ɗaki ake gama shi, ba ya fitowa dakali.

Kullum yanzu rumfata a rufe take. Ina yawo a lunguna, kaina a sama, ina kallon tagogin katako da ba a ganin na ciki. Duk inda na ji ƙarar taɓarya sai in tsaya in kira sunanta, har yara sun fara bi na suna maimaitawa. Jiya wani askar ya daka mini tsawa ya tambaye ni abin da nake nema a ƙofar mutane. Ban gudu ba.

Ina roƙon duk wanda wannan takarda ta ratsa hannunsa, a Jidda ko a jirgi ko a Sawakin, ya riƙe kamanninta. Doguwa ce, baƙa, siririya, tana da wushirya da tsage a kumatu, akwai tabon ƙuna a bayan hannunta na dama. Zane baƙi na saƙi ta ɗaura ran da ta fita. In an yi mata Hausa za ta sunkuyar da kai kafin ta amsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Maryama, wadda ta ɗauki jagorancin matan tun ba ta share hawaye ba, ta kuma ce daga yau ba gidan da za a shiga sai mutum uku sun san ƙofarsa. Ina yi wa Malam Sabo, ƙanen marigayiya, da sauran zuriyar Tsoho a Nguru gaisuwa. Ku sani 'yar'uwarku ta rayu da guminta, ta ciyar da mayunwata, ta tsaya wa marasa gata a ƙasar da ba mai tsaya musu, ta kuma cika da kalmar shahada a garin Manzo. Ina yi wa matan daka gaisuwa, su da suka rasa uwa, da mu duka mutanen Mansur. Aka tambaya a bakin kabari ko akwai mai wani abu a ransa game da ita, na ce na yafe, kuma har zuciyata na faɗa. Allah ya jiƙan ki, Gwaggo Baraka. Allah ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya sa ciyarwar da kika yi a Arfa ta zame miki inuwa ranar da babu inuwa sai tasa. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya kyautata namu ƙarshen.

Da a nan zan ajiye alƙalami, sai ɗazu Mairama ta zo rumfata ta gaya mini abin da ta ce ta rasa yadda za ta faɗa tun ran Talata. Ta ce tun daga abin da ya same ta, duk baƙuwar da kika kai gida, sai kin tsayar da ita a bakin ƙofa, kin kama kunnenta, kin sa ta rantse: ba za ta fita ba sai ke kika zo da kanki. Ko an buɗe mata ƙofa an ce ta tafi, ta zauna. Ko wa ya zo ya ce ke kika aiko shi, namiji ko mace, baƙi ko fari, maƙaryaci ne, kada ta bi shi.

Na san ƙanwata, Gwaggo. In ta rantse ta rantse. In mutanen gidan na kirki ne kamar yadda kika ce, to wataƙila sun yi ta nuna mata hanya, sun yi ta haɗa ta da bara ya rako ta Mansur, ita kuwa ta ƙanƙame turminta tana girgiza kai. Ba ta san kin mutu ba, ba kuma mai harshen gaya mata. Haƙurin mutanen kirki ma yana da iyaka, ban san wa za su kira ya raba su da ita ba ran da ya ƙare.

Ni mutum ne da ko makara aka wuce da ita sai na kau da kai, ban taɓa fatan ganin mamaci a barci ba. Yau ina roƙon Allah, in ya ga dama, ya ba ki izini ki zo mini, ko da karkataccen bakin ne. Ba na neman sunan mai gida, Gwaggo, riƙe abinki. Lungun kawai za ki faɗa, ni zan bi shi ƙofa ƙofa. Akwai mace ɗaya da ba ki ɗauko ba ran Talata, tana can zaune, ke take jira.